Farautar elk a filayen gwamnatin Amurka ba tare da ɗan jagora ba: tambayoyi da amsoshi ga baƙon jiha

Elk dabba ce ta duwatsun yammacin Amurka, dangin barewa, amma girmanta ya kai na gwanki har ya zarce: ƙasaitaccen namiji yakan kai kilo 300 ko fiye, mace kuwa wajen kilo 225. Mai hali yakan biya kamfanin jagora dubban daloli, a ɗora shi a kan doki a kai shi har inda dabbar take. Waɗannan amsoshi na ɗaya mutumin ne, wanda ke zaune a wata jiha ko wata ƙasa, wanda zai tuƙa motarsa, ya kafa tantinsa, ya nemi dabbar da ƙafarsa, ya kuma fito da naman a gadon bayansa.

Me ake nufi da filin gwamnati a can, kuma baƙo yana da ikon shiga?

Yana da iko, kuma ba sai ya roƙi kowa ba. Gwamnatin tarayya ta mallaki eka kusan miliyan 640, wato kimanin kashi 28 cikin ɗari na ƙasar, galibinsu a yamma. Hukumomi biyu ne suka fi shafar mafarauci. Akwai Hukumar Gandun Daji ta Amurka mai riƙe da eka miliyan 193, yawanci duwatsu masu duhuwar itatuwa. Akwai kuma hukumar kula da filayen tarayya, BLM, mai eka kusan miliyan 245, yawanci ƙasa-ƙasa, fili mai ciyayi da gajerun itatuwa. Mutumin Ohayo da mutumin Kolorado duk ɗaya suke wajen shiga da yawo da kwana a waɗannan wurare, kuma a mafi yawansu kana iya kafa tanti a gefen hanyar daji kyauta na kimanin mako biyu.

Sai dai a riƙe wannan tun daga farko: ƙasar ta tarayya ce, amma dabbobin da ke cikinta jiha ce ke iko da su. Jiha ke sayar da lasisi, ita ke yanke adadi, ita ke sa ranar buɗewa da ta rufewa, kuma an yarje mata ta fifita 'ya'yanta. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 1978 a shari'ar Baldwin da hukumar namun dajin Montana, wadda a kan kuɗin lasisin elk ɗin ma aka yi ta. Shi ya sa a Kolorado baƙo ke biyan sama da dala 800, ninki goma har da ɗoriya na abin da ɗan jiha ke biya.

Ba kowane koren wuri a taswira ne ake farauta a cikinsa ba. Gandun shaƙatawa na ƙasa irin su Yellowstone da Rocky Mountain a rufe suke. Filayen da jihohi ke riƙe da su don samar wa makarantu kuɗi suna da tasu dokar: a Kolorado sai waɗanda aka sa cikin shirin buɗe wa jama'a, a Wayomin kuma kana iya farauta amma ba a kwana. Yankunan ƙabilun asali na ƙasar su ma hukumarsu daban.

Wanne zan fara zaɓa, wuri ko lasisi?

Lasisi. Kowace jiha ta yanka ƙasarta gida-gida, kowane yanki da lambarsa ko sunansa, kuma lasisinka ne zai faɗa maka inda za ka iya harbi, da wane makami, a waɗanne ranaku, namiji ko mace. Mutum ya ɓata wata guda yana nazarin wani dutse, sannan ya tarar ana jiran shekara goma sha kafin a samu lasisinsa, ya yi aikin banza.

To wace jiha ce ta fi sauƙi ga baƙo?

Kolorado. Ita ke da garken elk mafi yawa a ƙasar, kusan 300,000, kuma har yanzu tana sayar wa baƙo lasisin harbin namiji da bindiga ba tare da ƙuri'a ba a zagaye na biyu da na uku na kakar bindiga, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a yankuna masu yawa. Na kwari da baka ma da haka yake, amma daga 2025 baƙo sai ya shiga ƙuri'a in yana son yammacin babbar hanya ta I-25, inda duwatsun suke. Sauƙin nan shi ne kuma matsalarta, domin abin da ya zo maka da sauƙi ya zo wa kowa. Gandun White River da Routt, da kewayen garuruwan Meeker da Craig, suna da manyan garkuna, kuma a ranar buɗewa za ka ga motoci jere a bakin kowace hanya.

Aidaho ba ta da tsarin tara maki (makin da mai nema ke tarawa shekara-shekara a wasu jihohi don ya sha gaba wajen rabon lasisi), wanda ya nema yau da wanda ya shekara ashirin yana nema duk ɗaya ne. Ta kasa ƙasarta shiyya 28, kowace da lasisi iri biyu: A ya fi karkata ga kwari da baka da bindigar ɗuri, B ga bindiga. Da a ranar 1 ga Disamba ake rububin na baƙi a intanet, amma daga kakar 2026 an mayar da shi ƙuri'a. Ƙasar Aidaho tana da tsananin gangare, kada a raina ta.

Montana na ba baƙi lasisin haɗaka na elk da barewa 17,000 a shekara, kashi uku cikin huɗu ga waɗanda suka fi maki. Kuɗinsa ya haura dala 1,000, amma kakarta doguwa ce: makonni shida na kwari da baka, biyar na bindiga, da lasisi ɗaya. Kudu maso yammacin jihar, wajen gandun Beaverhead-Deerlodge, nan ne jama'a suka fi nufa. Tana kuma da shirin Block Management, inda masu gonaki ke buɗe miliyoyin eka ga mafarauta kyauta.

A ganina Wayomin ce ta fi daɗin farauta da lasisi na gama-gari, wato wanda ke aiki a yankuna da yawa, domin mutane ba su cika yawa ba. Amma sai an tara maki na shekaru, ko a dace a kashi 25 cikin ɗari da ake fitarwa ba tare da duba maki ba. Ƙuri'arta biyu ce, ta dala 692 da ta dala 1,950, kuma tun 2024 ta raba lasisin baƙi na gama-gari shiyya uku: yamma, kudu da gabas.

Niyu Meksiko babu maki, amma kashi 84 na 'yan jiha ne, 10 na masu ɗan jagora, 6 kacal na irinmu. Ka nema kowace shekara, kada ka gina shirinka a kanta. Arizona da Nebada suna da maki, amma wahalar samu a can ma haka take, sai ma abin da ya fi.

Ba gara in tara maki in jira yanki mai suna ba?

Ka tara, amma kada ka zauna jira. A yankunan da suka yi suna, masu nema sun fi lasisin yawa nesa ba kusa ba, don haka makin da ake buƙata yana ƙaruwa kusan kowace shekara. Kana ƙara ɗaya, layin ma yana ƙara ɗaya. Akwai yankuna a arewa maso yammacin Kolorado da ake buƙatar maki fiye da 25, kuma wanda ya fara tarawa yau da wuya ya taɓa riskar su.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda ya jira shekara goma sha biyar, ya samu lasisin, ya isa wurin bai taɓa jin kukan elk ba, bai san yadda iska ke juyawa a kan dutse ba. Lasisin da za ka iya samu bana da baɗi da baɗin baɗaɗa a wuri ɗaya ya fi maka amfani. Shekarar farko ta koyon hanyoyi ce. A ta biyu ka san inda ruwa yake, ka san kwarin da dabbobin ke faɗawa idan an matsa musu. Kada kuma a raina lasisin mace: ya fi saurin samuwa, a Wayomin akwai mai rangwame wanda ba ya cin maki, kuma namanta ya fi taushi.

Na tsayar da jiha. Yaya zan tace yankunanta?

Kowace hukumar namun daji tana wallafa ƙididdigar kakar da ta wuce kyauta: mafarauta nawa suka shiga yanki, dabbobi nawa aka kashe, kashi nawa suka dace. Ka duba na shekara uku zuwa biyar, domin shekara ɗaya mai dusar ƙanƙara da wuri tana iya ɗaga alƙaluma sama, ta yaudare ka.

Ka kuma yi hattara da kason nasara. A yankunan Kolorado da ake sayar da lasisi ba ƙuri'a, yawanci kashi 10 zuwa 15 ne ke komawa gida da nama. Idan ka ga yanki mai kashi 30, buɗe taswirar mallakar ƙasa kafin ka yi murna. Sau da yawa za ka tarar rabinsa gonakin kiwo ne masu zaman kansu, inda elk ke gudu su fake da zarar an fara harbi, kuma masu biyan kuɗin shiga gonakin su ne suka ɗaga lissafin. Yanki mai kashi 12 wanda mafi yawansa filin gwamnati ne ya fi maka wancan. Ni nakan so fiye da rabin yankin ya zama na gwamnati, kuma a dunƙule, ba gutsure-gutsure ba. Daga nan sai ka auna yawan mafarauta da faɗin filin da za su iya takawa.

Taswira ta nuna filin gwamnati ne. Ai shi ke nan ko?

A'a. Tambayar ita ce ta ina za ka shiga. Akwai miliyoyin eka na gwamnati da gonakin mutane suka yi wa ƙawanya, babu hanyar jama'a ko ɗaya da ta kai gare su. Hanyar da ka gani a hoton tauraron ɗan adam tana iya zama ta mai gona, da ƙofa da kwaɗo. A Kolorado da Wayomin da Montana, doka ba ta tilasta wa mai gona ya kafa allo ko shinge ba. Kai ne za ka san inda kake tsaye, kuma "ban sani ba" ba ta fid da mutum a gaban jami'in daji. Ko dabbar da ka harba ce ta tsallaka ta faɗi a gonar wani, sai ka nemi izininsa kafin ka bi ta.

Akwai kuma wuraren da aka yanka murabba'i-murabba'i, ɗaya na gwamnati ɗaya na mutum, kowanne mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi. Asalinsu tun shekarun 1860 ne, lokacin da gwamnati ta riƙa ba kamfanonin jirgin ƙasa fili tsallake-tsallake a gefen layin dogo. Filayen gwamnati biyu sukan haɗu a kusurwa kawai, inda masu awo suka kafa bututun ƙarfe mai hular tagulla. Kamfanin taswira na onX ya ƙiyasta eka miliyan 8.3 ne ke kulle ta wannan hanya. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga Misuri suka kai wani tsani mai ƙafa biyu dutsen Elk Mountain a Wayomin, suka kafa ƙafa ɗaya a wannan filin gwamnati, ɗaya a wancan, suka haura ta saman sandunan da mai gonar ya kafa ba tare da sun taka ƙasarsa ba. Aka gurfanar da su, masu taya alƙali suka wanke su a 2022. Mai gonar ya shigar da ƙarar neman diyya, kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 10 ta ba mafarautan gaskiya a Maris na 2025 bisa wata doka ta 1885 da ta hana killace filin jama'a, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a Oktoban 2025.

Hukuncin ya shafi Wayomin, Kolorado, Yuta da Niyu Meksiko. Montana da Aidaho suna wata shiyyar kotu. Ko a inda ya halatta, wayarka tana iya kuskure da 'yan mitoci, don haka sai ka ga alamar awon da idonka. Shawarata ga sabon zuwa: a shekarar farko ka bar kusurwoyi, ka nemi babban gandun daji wanda hanyar hukuma ta ratsa.

Nisan nawa daga hanya ya kamata in shiga?

Binciken da aka fara a gandun gwaji na Starkey a Oregon tun 1989, inda aka riƙa bin motsin elk da na'ura, ya nuna suna ƙaurace wa hanyoyin da motoci ke bi, kuma gwargwadon yawan zirga-zirga gwargwadon nisan da suke yi. Saboda haka ka nemi taswirar da ake kira MVUM, wadda kowane gandun daji ke bayarwa kyauta. Ita ce ke nuna hanyar da aka yarda mota ko babur su bi, da ranakun da ake rufe ta. Hanyar da aka datse da ƙofa aka hana injin shiga alheri ce: ƙafa tana tafiya da sauƙi, hayaniya kuma ta tsaya a baya.

Amma nisa ba a mil kaɗai ake auna shi ba. Yawancin mafarauta ba sa wuce mil ɗaya daga mota, masu dawakai kuma sukan yi sansani mil biyar zuwa goma a ciki. Tsakaninsu akwai sarari. Sau da yawa ma wurin da babu kowa yana kusa da kwalta: gangare mai tsayi wanda babu wajen ajiye mota a gindinsa, ko kwari da sai an tsallake rafi mai sanyi kafin a kai shi. Sanannen mashigi mai faffaɗan filin ajiye tirelolin dawakai, ka wuce shi.

Yankunan da aka keɓe aka hana injin shiga fa?

Dokar 1964 ta hana mota, babur, keke, har da amalanken ɗaukar nama a cikinsu. Ƙafa ko doki kawai. Suna da kyau ƙwarai, amma sunansu yana jawo jama'a, har Flat Tops ta Kolorado takan cika. A Wayomin kuma doka ta hana baƙo farautar manyan dabbobi a irin waɗannan yankuna sai da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jiha da ya karɓi takardar rakiya. Idan shiyyar yamma ka samu, ka cire su daga lissafi tun a taswira, ka ga abin da ya rage.

Me zan nema a taswirar tudu da kwari?

Abinci, ruwa da mafaka a kusa da juna. Inda za a same su kuwa ya danganta da wata.

A Satumba lokacin barbara ne, rana da zafi, dabbobin suna sama. Da dare suna kiwo a fili, da hantsi su shige duhuwar itatuwa a gangaren da ke fuskantar arewa, inda rana ba ta bugawa. Ka nemi ɗan shimfiɗaɗɗen wuri a tsakiyar irin wannan gangare, inda layukan taswira suka ɗan buɗe, domin nan suke kwanciya. Ka nemi sirdin da ke tsakanin tuddai biyu, domin ta nan suke tsallakawa. Idan ka isa, alamun ba sa ɓuya. Za ka ga ramin taɓo a gindin maɓuɓɓuga inda namiji ya yi birgima, ruwan a gurɓace, gashi manne a laka, warin fitsari yana dukan hanci tun kafin ka ƙaraso. A gefe ga ƙaramin itace da ya goge da ƙaho, ɓawon a zube, ƙaro yana tsatsowa. In ruwan ramin ya kwanta ya yi garau, kashin da ke wurin kuma ya bushe ya yi fari, sun jima da tashi.

Daga tsakiyar Oktoba mazan sukan ware, a gajiye, su ɓuya a wuri mafi muni da za su samu. A Nuwamba dusar ƙanƙara ke koro garke ƙasa, zuwa gangaren da ke kallon kudu da filayen BLM, kuma a nan ne iyakar gonaki ke zama babbar magana. Don haka yanki mai kyau shi ne wanda filin gwamnatinsa ya taso tun daga ƙasa har ƙololuwa. Ko yanayi ya yi yaya, kana da inda za ka bi su.

Wurin da gobara ta ci shekaru kaɗan da suka wuce yakan fitar da ciyawa mai kyau, kuma ana hango nesa. Dajin da ƙwaro ya kashe kuwa, kamar yadda ya faru a arewacin Kolorado da kudancin Wayomin, itatuwan sun zube a kan juna, mil ɗaya sai ya ci maka awa biyu. Ka kuma duba ta ina za ka tunkari wurin. Da asuba iska mai sanyi gangarowa take yi, in rana ta ɗaga sai ta juya ta hau. Elk na iya jin motsi ya tsaya, amma in ya shaƙi warin mutum ya tafi ke nan. Wurin da hanyarsa ɗaya tak ta saman dabbobin take da asuba, ba wurin zuwa ba ne.

Tsayin dutse abin damuwa ne?

Sosai. A Kolorado ana farautar Satumba a mita 2,700 zuwa 3,500. Wanda ya taso daga Hiyuston ko Niyu Yok, kusan daidai da teku, zai ji numfashi yana gagararsa. Ka kwana ɗaya ko biyu a gari mai matsakaicin tsayi kafin ka hau, ka yawaita shan ruwa. Ciwon kai mai tsanani da amai da tari ba abin daurewa ba ne, sauka ake yi. Yankuna da yawa a Montana, Aidaho da Oregon ba su kai wannan tsayi ba.

Namun daji masu haɗari fa?

Babbar beyar da ake kira girizili tana kewayen Yellowstone, arewa maso yammacin Montana da ƙuryar arewacin Aidaho. Mafarauci yana tafiya shiru, yana kwaikwayon kukan elk, yana komawa wurin gawa da duhu, duk abin da aka hana mai yawo a ƙasarta. A can dole ka rataya feshin barkono inda hannu zai kai nan take, ka bi dokar adana abinci, kuma kada ka je kai kaɗai. Kolorado, Yuta, Arizona, Niyu Meksiko da Oregon ba su da ita, ta ƙarshe a Kolorado an kashe ta a 1979. Kyarketai, waɗanda aka maido Yellowstone da tsakiyar Aidaho a 1995, ba barazana ba ne gare ka, sai dai a wasu shiyyoyi irin su Lolo garken ya ragu ƙwarai.

Yaya batun fito da nama ke shafar zaɓen wuri?

Shi ne ma'aunin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi mantawa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Namiji in an cire ƙashi yakan ba da nama kilo 90 zuwa 110, ban da kai da ƙaho. Kaya huɗu ke nan ga mutum ɗaya mai ƙarfi. In mil uku ne tsakaninka da mota, za ka yi tafiyar sama da mil 20, fiye da rabinta da kaya a baya. A zafin Satumba kuma nama ba ya jira. Sai an feɗe nan take, a raba ƙafafu huɗu da naman gadon baya da na wuya, a zuba a jakunkunan yadi masu shan iska, a rataye a inuwa kusa da rafi. Naman da ke jikin ƙashin cinya shi ke fara lalacewa, domin nan zafi ke daɗewa.

Barin nama ya ruɓe laifi ne a duk waɗannan jihohi, kuma a wurina abin kunya ne ko da babu doka. Saboda haka ka zana da'ira a taswira: mutum ɗaya mil biyu zuwa uku, mutum biyu ko uku a ɗan ƙara. Ka fi son wurin da za ka hau da safe hannu sake, ka gangaro da kaya. Ka san garin da ke da ƙanƙara da mahauci mai ɗakin sanyi, ka kuma nemi lambar masu hayar dawakai tun kafin buƙata ta taso. Akwai kuma cutar ƙwaƙwalwa ta CWD, wadda aka fara ganowa a Kolorado a 1967. Jihohi da yawa sun hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga inda take, don haka ka karanta dokar jiharka da ta waɗanda za ka ratsa.

Wuri nawa zan tanada?

Aƙalla biyar, a tsayi daban-daban, waɗanda mota za ta haɗa cikin awa ɗaya ko biyu. Elk ba a warwatse suke ko'ina ba, kwari tara babu komai, na goma a cike. In ka yi yini biyu ba ɗanyen sawu, ba kuka, ka naɗe tanti. Sansani mai nauyi yana ɗaure mutum a inda babu dabba.

Wa zan iya tambaya?

Masanin dabbobi ko jami'in daji na yankin, da ofishin gandun daji. Kada ka ce masa "ina elk suke?" Ka ce ga kwaruruka uku da na zaɓa, wanne ya fi cunkoso, wace hanya ce ke lalacewa in an yi ruwa, akwai garken tumaki ko shanu a wurin a watan da zan zo? Ka kira a Yuni ko Yuli, kafin aiki ya yi musu yawa.

Ni da biza nake, ban da katin zama. Zan iya?

Jihohin suna sayar wa ɗan wata ƙasa lasisi a farashin baƙo. Dokar tarayya ta hana mai bizar ziyara ko karatu riƙe bindiga, amma ta togace wanda ke da ingantaccen lasisin farauta. Mai shigo da bindigarsa daga waje sai ya cike fom na 6NIA na ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi. Kwari da baka ba sa cikin wannan doka. Yawancin jihohin kuma suna neman takardar shaidar koyon farauta, gwargwadon shekarun mutum. A Kolorado ta wajaba a kan duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 1949, Aidaho da Montana kuma suna neman ƙarin shaida ta kwari da baka.

Naman ya halatta?

Dabba ce ta halal. Ana ambaton sunan Allah yayin harbi, in kuma an riske ta da sauran rai a yanka ta. Sauran rassan mas'alar ka zauna da malaminka kafin tafiya.

Yaushe zan fara shiri?

Shekara guda kafin tafiya. Aidaho a Disamba, Wayomin ƙarshen Janairu, Arizona a Fabrairu, Niyu Meksiko a Maris, Montana 1 ga Afrilu, Kolorado farkon Afrilu, Oregon 15 ga Mayu. Lasisin Kolorado na ba-ƙuri'a da ragowar na ƙuri'a suna fitowa a farkon Agusta. Dokoki da farashi suna sauyawa duk shekara, don haka littafin dokar bana shi ne abin bi, har da ƙananan sharuɗɗa: a mafi yawan yankunan Kolorado namiji sai yana da rassa huɗu a ƙaho ɗaya ko reshen goshi mai inci biyar, kuma mai bindiga sai ya sa riga da hula masu ruwan lemo ko hoda mai haske.

Kafin ka bar gida ka sauke taswirorin a waya, domin babu sabis a yawancin wuraren, ka kuma riƙe ta takarda. A makon ƙarshe ka duba sanarwar gobarar daji. A 2020 gobarar Cameron Peak, wadda ta ci eka sama da 200,000, da ta East Troublesome sun sa an rufe manyan sassan gandun arewacin Kolorado ana tsakiyar kaka. Saboda irin haka, ɗaya daga cikin wuraren da ka tanada ya kasance a wani gandun daban wanda lasisinka ya shafa.